Takardun Tsohon Bafaranshe da Na Wanke da Hannuna

Edita, assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru, yau shekara goma da ɗoriya ke nan, ni mace ce 'yar talatin da 'yan kai, haifaffiyar Damagaram, 'yar gidan malamai, ina zaune da mijina a Highbridge cikin Bronx, a birnin New York. Shi yana da ɗan shago a titi na 116 a Harlem, yana sayar da turare da huluna da sallaya, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Na yi sauka tun ina budurwa, kuma ban taɓa bari kowa ya manta da hakan ba. A masallacin unguwarmu Malama ake kirana, ni ma ina jin daɗin sunan fiye da kima. In mace ta ɗaura ɗankwali gashi ya leƙo, ni ce mai gyara mata a gaban jama'a. In wata ta ja harafi inda bai dace ba, kafin ta rufe baki na tare ta. Mijina yakan tsokane ni ya ce da ana ɗaukar ɗan sandan addini a Bronx, da tuni an ba ni mota da jiniya. Dariya nake yi, ban san gaskiya yake gaya mini ba.

Kamfanin da nake wa aiki ya tura ni gidan wani tsoho a Manhattan saboda dalili ɗaya tak, wato ina jin Faransanci. Bafaranshe ne, ya haura tamanin, matarsa Ba'amurkiya ta rasu, kuma tun da ya yi wani ciwo da ya taɓa masa ƙafa da harshe, Ingilishi ya gudu daga bakinsa, sai harshen uwarsa ya rage. Yana da 'ya ɗaya da ke zuwa sau biyu a mako, tafe da wani ƙaton kare mai gashi. Ina kiransa Baba, shi kuma Madam yake ce mini, ko ruwa na miƙa masa sai ya yi godiya. Ranar farko 'yar ta zagaya da ni gidan, ta nuna mini ƙofa ɗaya ta ce wannan ɗakin aikinsa ne, ba a shara a ciki, ba a goge komai. Ban damu ba, aiki ne aka rage mini.

Sai da na yi kusan wata biyu na san wa nake wa wanka. Wata rana ina goge hotunan da ke bangon falo, na tsaya a kan wani gini mai farar katanga da koriyar ƙubba, na ce masa wannan wuri kamar ba ɗan Adam ne ya gina ba. Ya yi murmushi ya ce ai kuwa ɗan Adam ne, kuma yanzu ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa. Ashe mai zanen gine-gine ne. Yana saurayi wani sarki na wata ƙasar Musulmi ya ɗauke shi aiki, ya yi shekara talatin a fadarsa. Shi ya tsara fadar, da masaukin baƙi, da lambuna, da hubbaren mahaifin sarkin, da masallacin cikin gida. Na ce masa a wurinmu sarkin magina ake ce wa irinsa. Sunan ya yi masa daɗi ƙwarai, ya sa na maimaita har sau uku yana gwadawa da karyayyen harshensa.

Daga ranar, kullum in na gama ba shi abinci sai labari. Wallahi, Edita, na sha zama da cokali a hannu, baki sake, har miya ta huce. Ya ce sarkin ba ya duba takarda. In an kawo masa zane sai ya ture ya ce a kai shi filin. A can zai ja layi a ƙasa da sandarsa, ya tsaya inda yake son ya riƙa zama, ya ce daga nan yana son ya ji ƙarar ruwa amma kada ya ga ruwan, iska ta same shi amma kada rana ta san inda yake. Umarnin ke nan, sauran kuma ruwan Bafaranshe ne. Akwai ƙofar da aka rushe sau uku domin inuwarta ba ta faɗi inda sarki yake so da la'asar ba. Akwai zauren da in mutum ya yi raɗa a wannan kusurwa, na waccan kusurwar zai ji shi sarai, amma na tsakiya ba zai ji komai ba. Ya ce masassaƙa da masu yankan dutse sun fi dubu, ya san mafi yawansu da suna, ya ci tuwon sunan 'ya'yansu. Ni da na tashi ina ganin zanen bangon gidajen Birni, tsohuwar unguwar garinmu, ina zaton an gama gwaninta, sai na ji duniya ta yi mini faɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar fadar. Babu gini ko ɗaya da aka rubuta sunansa a jiki, duk na sarki ne. Duk takardar da ya zana, da yamma wani bafade zai zo ya tattara ya kulle a akwati. Cikin masallacin kuwa ba a yarda a ɗauki hoto ba. Da sarkin ya rasu ɗansa ya hau, aka kira shi aka yi masa godiya, aka yafa masa alkyabba, aka raka shi filin jirgi. Na tambaye shi, to shekara talatin, ba abin da ya fito da shi? Ya ɗaga yatsa ya nuna ƙofar ɗakin aikinsa, ya ce abu ɗaya ne, yana can ciki, kuma shi kaɗai ya rage masa a duniya da zai taɓa ya ce wannan aikinsa ne. Ina son masu karatu su riƙe wannan, na ji da kunnena, ba zan ce ban sani ba.

Ranar Juma'a nakan tashi aiki da sha biyu domin in sami salla, shi kuma ya wuni shi kaɗai har yamma. Wata Juma'a bayan la'asar 'yarsa ta bugo mini waya tana kuka, ta ce ta tarar da shi a ƙasa cikin ɗakin aikinsa, ya durƙusa ya kasa tashi, an wuce da shi asibiti. Cikin fushi ta ce ɗakin nan da tarkacensa ne za su kashe mata uba, mako mai zuwa za ta kira masu kwashe shara su share shi tas. Ta roƙe ni in leƙa gidan washegari in gyara, tunda ina da mabuɗi.

Da na je Asabar, ƙofar ɗakin a buɗe take. Na leƙa ciki. Dogayen takardu goma sha shida ne shimfiɗe a ƙasa, an jera su sun yi zobe, an bar fili a tsakiya. A jikinsu rubutun Larabci ne, manyan haruffa ruwan zinariya a kan shuɗi, kuma kallo ɗaya na yi na gane ayoyin Ubangiji ne, ga sunan Allah nan ɓaro-ɓaro a wuri fiye da ɗaya. A ƙasa! A gidan da ake ajiye kwalbar giya a kan tebur da naman alade a firij, ga kuma gashin karen nan a bakin ƙofa. Akwai wani farin yadi a ƙarƙashinsu, na ɗauka irin wanda masu fenti ke shimfiɗawa ne. Duk girman da nake ba tsohon ya zube a take, na ce a raina ashe haka yake wulaƙanta abin da bai san darajarsa ba. Na tuna maganar masu shara, na hango baƙaƙen ledojin nan da ake tarawa a bakin titi ɓeraye na wasa a kai. Na yi alwala, na naɗe takardun ɗaya bayan ɗaya, na rungume su na shiga jirgin ƙasa zuwa Bronx, ina ji kamar na ceto jariri daga gobara.

Lahadi bayan karatun mata na tsayar da limaminmu, dattijo mai haƙuri, na yi masa tambaya. A nan na yi mugun wayo. Ban ce masa takardun wani ne ba, ban ce mai su yana raye ba, ban ce amanar gida aka ba ni ba. Cewa na yi, Malam, in mutum ya sami takardu masu ayoyi a ƙasa, kuma ana shirin zuba su a shara, me ya kamata ya yi? Ya ce a ƙona, ko a wanke rubutun a zuba ruwan a wuri mai tsarki, ko a binne. Amsar da nake so ke nan, don haka na yanka tambayar daidai da ita. Wata aminiyata 'yar Kumasi, wadda ta girme ni kuma ta daɗe a wannan aiki, muna ce mata Anti, tana gefe tana ji. Da muka fito ta ja hannuna ta ce, ita ta san ni, wannan tambaya da wutsiya a bayanta. Na gaya mata komai. Ta riƙe baki ta ce, ƙanwata, tsohon nan bai mutu ba, bakinsa na magana, me zai hana in ajiye su a saman kabad ɗina in jira ya dawo in tambaye shi? Na ce mata ba a shawara da wanda ba ya salla a kan ayar Allah. Ta dube ni ta ce to Malama, Allah ya ba da lada, amma kada in ce ba ta gaya mini ba.

Litinin da safe, bayan mijina ya fita, na sayo sabon baho na cika shi da ruwa a kicin. Da na warware takardar farko a hasken taga, sai hannuna ya tsaya. Ban taɓa ganin rubutu irin wannan ba, har yau kuma ban sake gani ba. Haruffan suna tashi suna sunkuyawa, wani ya ratsa ta cikin wani ba tare da ya taɓa shi ba, kuma a ƙarƙashinsu akwai siraran layukan fensir da ƙananan lambobi na awo da Faransanci. Hannu biyu ne suka yi aikin, ko makaho ya shafa zai sani. Wani abu a zuciyata ya ce in dakata. Na ce Shaiɗan ne, na yi a'uziyya, na tsoma. Ruwan ya koma shuɗi, zinariyar ta taso tana yawo a sama, takardar ta narke a hannuna kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Haka na yi wa goma sha shidan. Na ɗauki abin da ya rage na kai lambun da ke kan tudun unguwarmu, na tona gindin wata bishiya na binne, na juye ruwan a kai. Na dawo gida ina jin kaina wata waliyyiya.

Bayan kwana goma aka sallamo shi a keken guragu. Abin da ya fara tambaya ɗakinsa ne, 'yar ta rantse masa ba ta taɓa komai ba, fushi ne kawai ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Nan na fara shan jinin jikina. Ranar Alhamis ya ce yana da roƙo, in na idar da sallar Juma'a in dawo, akwai abin da ba zai iya yi shi kaɗai ba yanzu, kuma ya fi son Musulma ta taya shi.

Na dawo. Ya ce in kawo masa ruwa a kwano, ya wanke hannuwansa har gwiwar hannu, a hankali, sau uku. Ya ce in cire masa takalmi, ni ma in cire nawa, in shimfiɗa farin yadin nan, wanda ya ce shi da kansa yake wankewa, ba ya haɗa shi da sauran kaya. Ina yi yana ba ni labari. Ya ce rubutun da ya zagaye cikin ƙubbar masallacin sarki, shi da wani dattijo, babban marubucin fada, suka yi shekara huɗu a kansa. Shi yana ba da awo, dattijon yana zuba haruffa, suna faɗa suna shiryawa, domin akwai tagogi goma sha shida, kuma dattijon ya rantse taga ba za ta raba kalmar Allah biyu ba. Ranar da aka buɗe masallacin aka yi sallar farko, shi a waje ya tsaya, don wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. Bai ji haushi ba, ya san dokar tun kafin ya aza tubalin farko. Amma daga ranar bai sake ganin cikin ƙubbar da ya gina ba. Dattijon ne ya ji tausayinsa, ya ba shi takardun gwajin farko da ke ajiye a gidansa, da sharaɗi uku: kada ya taɓa su sai da wankakken hannu, kada ya tsallaka su, kada su taɓa ƙasa sai a kan tsarkakakken yadi. Shekara arba'in bai saɓa ba. Duk Juma'a, lokacin da ya san ana salla, sai ya jera su zobe ya zauna a tsakiya. Ya ce ta haka yake shiga masallacinsa. Sannan ya nuna mini doguwar durowa ya ce in ɗauko, ya ɗauka 'yarsa ta mayar da su can.

Edita, na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙarya tana bakina a shirye, in ce ma'aikatan motar asibiti ne, ko in ce ban gani ba. Allah ya taimake ni ban ƙara wannan a kan wancan ba. Na durƙusa a gaban kekensa na gaya masa duk abin da na yi, ina kuka har majina. Ya bari na gama. Da ya buɗe baki, tambaya ya yi, wai ruwan, a ina na zuba shi? Na ce gindin bishiya. Ya gyaɗa kai ya ce haka dattijon yake yi da takardar da ta lalace, a gindin lemo yake zubawa a lambun fada. Ya ce aƙalla hannun da ya san darajarsu ne ya kashe su. Da ya zage ni, ko ya kira kamfani a kore ni, da na fi samun sauƙi.

Sai ya ce in tura shi tsakiyar yadin. Ya kwantar da kai baya, ya dubi farin silin, ya ɗaga yatsansa ya fara zane a iska daga dama zuwa hagu. Yana yi yana faɗin nan harafi ya miƙe kamu kaza, nan ya lanƙwasa, nan taga ta farko. Ina bin yatsan da ido, sai na ga ashe karantawa nake yi. Mutumin da bai iya Larabci ba, bai san ma'anar kalma ɗaya ba in an raba ta da 'yan uwanta, yana rubuta aya a iska babu kuskuren ɗigo, ni kuma ina biye da shi da baki ƙasa-ƙasa. Na rantse a wannan lokacin na ga ƙubbar nan a kanmu, da shuɗinta da zinariyarta da hasken tagoginta, a hawa na goma sha tara a tsakiyar Manhattan. Ban taɓa jin girman baiwar da Allah yake ba bawansa irin na ranar ba. Ya wuce taga ta tara, ya wuce ta goma. A ta goma sha ɗaya yatsan ya tsaya. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wurin. Cikin zumuɗi na karanto masa abin da ke gaba. Ya girgiza kai ya ce, Madam, ba kalmomin yake nema ba, surarsu yake nema, yadda dattijon ya zaunar da su, wannan kuwa a takarda take.

Ya gaya wa 'yarsa cewa ya ba da takardun ga wanda ya san haƙƙinsu, bai taɓa ambata sunana ba. Na ci gaba da zuwa duk Juma'a bayan salla, in wanke masa hannu, in shimfiɗa yadi, in tura shi tsakiya. Kowane mako yatsan yana tsayawa kafin inda ya tsaya a makon jiya. Taga ta tara, ta bakwai, ta huɗu. Juma'ar ƙarshe kafin ya rasu, cikin sanyin shekarar, harafi uku ya yi, hannun ya sauko kan cinyarsa, ya ci gaba da kallon silin yana jira. Bayan an binne shi na sami 'yar na gaya mata gaskiya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta buɗe mini ƙofa in fita, kuma ban ga laifinta ba.

Na koma wurin limaminmu na yi masa tambayar a cike, yadda ya kamata in yi tun farko. Ya ce da haka na faɗa masa, da ya ce in mayar da kayan mutane in nemi gafara, domin amana ba ta da ruwa da addinin mai ita. Na sani, tun ranar ma na sani, shi ya sa na ɓoye rabin maganar.

'Yan uwana, musamman mu da muke shiga gidajen mutane a ƙasashen nan da mabuɗi a hannu, ku ji tsoron irin kishin da ke hana mutum tambaya. Ni ban yi sata don kwaɗayi ba, ban yi don mugunta ba, lada na je nema, kuma saboda ina ganin lada nake nema ban saurari kowa ba. Na ga takarda a ƙasa na yanke hukunci, ban ga wankakken hannu da shekara arba'in na cika alkawari ba. In kuka ga abin da ya tayar muku da hankali a gidan wani, ku ɗaga shi ku ajiye a wuri mai kyau, ku jira mai shi, ku tambaya. In za ku je wurin malami, ku kai masa maganar da kanta da ƙafafunta. Dokar fada ta tsayar da bawan Allahn nan a ƙofar masallacin da ya gina, ya haƙura, wani Musulmi mai zuciya ya buɗe masa wata ƙofar. Ni da nake taƙama da karatu, ni ce na zo na rufe ta. Ina roƙon Allah ya yafe mini, ku ma ku taya ni roƙo.